Sanda Ɗaya, Kifi Biyu: Nasiha ga Mai Fatsa a Tafkunan Ingila

Duk wanda Allah ya jarrabe shi da son fatsa a ƙasar Ingila, ya kuma taɓa shiga kantin kayan su a farkon Oktoba, sa'ad da ruwa ya soma sanyi, kifin fayik ya tashi farauta haiƙan, to, ya san mas'alar da ta hana mu barci: shin wajibi ne mutum ya mallaki kaya kashi biyu, ɗaya na kifin kaf ɗaya na fayik, ko kuwa kashi ɗaya ya wadatar? Ba zan ɓata tawada wajen tuna maka lasisi ba, ko haramcin kamun waɗannan kifaye a koguna daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Yuni, gama wanda bai san waɗannan ba bai iso inda wahalarmu take ba tukuna.

Shawara ta farko, ya ɗan'uwa, ita ce sanda. Nemi mai tsawon ƙafa 12, wadda nauyin laba 3 ke tanƙwarawa sosai, domin ita ce ke iya jefa mataccen sadin ga fayik da hunturu, ta kuma jure fizgar kaf da bazara. Mai kanti ba zai yarda da wannan fatawa ba. A makon jiya wani saurayi ya tsare ni a bayan kanta, ya yi ta jero mini hujjoji cewa sandar kaf daban, ta fayik daban, jakar kowace daban, har kujerar zama ma wai tana da mazhaba, alhali da na jera sandunan biyu na lanƙwasa su da hannuna, babban saɓanin da na gani a tsakaninsu shi ne hoton kifin da aka manna a gindi. Wannan israfi yana ba ni haushi ƙwarai, domin yana korar yara da masu ƙaramin ƙarfi daga bakin ruwa. A shekarar 1952 wani mai fatsa, Richard Walker, ya kama kaf mai laba 44 a tafkin Redmire, da sandar gora wadda ya ƙera da kansa, da ɗan burodi a ƙugiya, har aka kai kifin gidan namun daji na Landan jama'a suna zuwa kallo. Yanzu kuwa mutum yana turo kaya a baro, kai ka ce amarya ce za ta tare.

Ta biyu, na'urar naɗe zare. Ɗauki wadda ke sakin zare da kanta idan kifi ya ja, ka ɗora mata zare mai jure laba 15, ka haɗa ta da ƙararrawar lantarki mai sanar da cizo. To, a nan ne fa haƙurina yake ƙarewa. Ƙararrawar nan tana da maɓallin rage murya, wallahi tana da shi, amma akwai wata ɗariƙa ta masunta waɗanda ke kafa sanduna uku, su ƙure muryar kowace, sa'an nan su shiga gyaran zare da tsakar dare ba tare da sun kashe ta ba, ta yadda kai da ke kwance cikin tanti, sanyi ya ratsa ka har ɓargo, za ka zabura ba takalmi, ka taka raɓar da ta daskare, ka tarar sandarka tana nan shiru, ƙarar daga ƙetaren tafki take. Haƙƙin maƙwabtaka bai faɗi don an zo bakin ruwa ba.

Ta uku kuwa, kai, a bar lissafin nan, domin abin da ya rage ya fi ƙarfin lamba. Tarayyar kifayen biyu tana ƙarewa ne a kamu ɗaya na ƙarshen zare. Kaf ba shi da haƙori a baki, a maƙogwaro nasa suke; yana tsotsar koto ya furzar cikin tsananin zargi, shi ya sa masu fatsa biyu, Len Middleton da Kevin Maddocks, suka fito da dabarar rataya koto a siririn zare ƙarƙashin ƙugiya, a bar tsininta a fili. Fayik kuwa bakinsa cike yake da ɗaruruwan haƙora masu karkata ciki, waɗanda ke datse zaren roba nan take, saboda haka waya mai tsawon inci 18 ko fiye farilla ce a kansa, babu rangwame, babu uzurin mantuwa. Haka nan dogon hantsaki na cire ƙugiya, da shimfiɗa mai laushi wadda za a kwantar da kifi a kai, da koma mai faɗin inci 42. Waɗannan biyun na ƙarshe suna yi wa kifayen duka aiki.

Dalilin zafina shi ne abin da na tarar cikin ciyawar gaɓa a wannan hunturu: fayik doguwa, ta kai tsawon hannuna, ta kife ciki sama, cikinta ya shafe saboda yunwa, da na buɗe bakinta sai ga ƙugiya mai baki uku ta ɗinke mata maƙogwaro, da guntun zaren roba yana reto. Wani ne ya kashe ɗaruruwan fam a kan sanduna, ya yi rowar wayar da ba ta kai kuɗin shayi da burodi ba. A ƙasar da al'ada ita ce a auna kifi a mayar da shi ruwa da rai, wannan zalunci ne tsantsa, kuma dabba ma tana da haƙƙi a kanmu.

Na yi niyyar in yi bayanin dalma da ƙulli da irin koton da ya dace da kowane wata, amma zuciyata ba ta kwanta ba tukuna. Idan fayik ya ɗauki koto, kada ka jira ya haɗiye, ɗaga sanda nan da nan. In kuwa ka iso tafki ka ga ba ka da waya, zagayo ka tambayi na kusa da kai. Ni dai kullum akwai ragowa a jakata, kuma ba na karɓar ko kwabo.