Raƙumi da Akala: Yadda Ake Jan Mota a Hanyar Kagarko

Mota ba ta shawara da kowa kafin ta mutu. Ita ke zaɓen wurinta, kuma a hanyar da ta taso daga Kwoi ta ratsa Kubacha da Kagarko ta nufi Jere, wurin da ta fi so shi ne tsakiyar hawa, da la'asar sakaliya, inda waya ba ta da sabis, but kuma cike da buhunan citta. Janwe ba a kusa yake ba, in ma ya zo kuɗinsa zai iya lashe ribar cittar. Don haka igiya ce janwenmu, kuma ina so duk mai riƙe sitiyari ya iya aiki da ita, domin na ga inda ta kai mutane gida, na kuma ga inda ta kai su asibiti.

A Amurka akwai waɗanda jan mota ya zama musu shaƙatawa. Tsofaffin da suka yi ritaya kan sayi wata ƙatuwar mota mai gado da kicin da banɗaki, su ƙulla ƙaramar motarsu a bayanta da ƙarfe, taya huɗu a ƙasa, ba kowa a ciki. Sukan haɗa mata wayar fitilu, da birki na musamman da ke kamawa da kansa, da sarƙoƙin ko-ta-kwana. Har laƙabi suka sa mata, wai kwaɗo. Namu kwaɗon da mutum a cikinsa, kuma mutumin nan shi ne birkin, shi ne fitilar, shi ne sarƙar.

Fara da igiya, tun kana gida, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Igiyar guga ta rijiya ce. Igiyar akuya ta san nauyin akuya, ba ta san na Sharon ba. Nemi mai kauri irin wadda direbobin Canter ke ɗaure kaya da ita, ko ka kai wa mai walda ya haɗa maka sandar ƙarfe mai ƙugiya baki biyu, wadda ta fi kowace igiya domin ba ta barin ta baya ta sumbaci ta gaba. Tsawo kuma kada ya wuce hankali. A Ingila doka ta ce kada tazarar motocin biyu ta haura mita 4.5, in kuma ta wuce mita 1.5 dole a sa wa igiyar alamar da za a gani. Wannan dokar kamar da ɗan acaba aka yi ta: shi da ya hango rata tsakanin motoci biyu, ya ga hanya. Ƙulla jan ƙyalle a tsakiya. In babu, aro ɗankwalin wata fasinja, ka yi mata alkawarin sabo.

Sai wurin ɗauri. Kowace mota tana da ƙugiyar ja da ke manne da shasi. A wasu tana nan a fili ƙarƙashin gaba, a wasu kuma wani ƙarfe ne mai zobe da ke kwance tare da jak a but, sai ka ɓalle ɗan murfin da ke jikin bamba ka murɗa shi ciki. A motocin Volkswagen da yawa ta hagu yake ɗauruwa, kada ka yi ta murɗawa dama kana zagin Jamusawa. Kada ka ɗaura a ƙarfen sitiyari ko a ƙafar mota, za ka lanƙwasa abin da lafiyarsa lau. Bamba kuwa, Allah ya kiyaye. Da idona na gani a bakin kasuwar Kubacha, ranar da Golf ɗin wani kawuna ta ƙi tashi. Wani mai Hilux ya tsaya don Allah, yaronsa ya zagaya igiya a bamba, ya ce, “Baba, shiga, an gama.” Hilux ta ja da ƙarfi, aka ji ƙwas. Ta tafi da bamba da lambar mota suna tsalle a kan kwalta, Kawu kuwa yana zaune daram inda yake, hannu biyu a sitiyari, yana kiran, “Direba! Ɗana! Ai ni ka bari!”

Kafin a motsa, murɗa makulli har fitilun dashbod su kawo. In ka zare shi, sitiyari zai kulle a kwanar farko, ta gaba ta bi kwalta, kai ka bi gonar masara. Sa giya a firi, sauke birkin hannu. Wannan na mota mai kuloci ne, irin su 504 da aka riƙa haɗawa a kamfanin Peugeot na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975, motocin da ke yafe wa mai su kusan komai. Otomatik ba ta yafiya. Injin ne ke juya famfon da ke zagaya man giyarta, in injin ya mutu taya na juyawa, cikin giya na gogar juna a bushe. Ka tashi da matsalar fulogi, ka isa gareji da giyar da ta ƙone. Ita sai dai a ɗaga tayoyin da ke janta, ko a ɗora ta gaba ɗaya a kan babbar mota.

Yanzu ga babbar magana: wa zai zauna a ta baya? Mutane kan ɗauka aikin raƙumi da akala ne, sai bi, don haka su tura yaron motar da ya fara koyon tuƙi makon jiya. A'a. Wanda ya fi kowa iya tuƙi shi ke komawa baya. Injin da ya mutu ya tafi da taimakon da yake ba birki. Za ka taka sau biyu ko uku da laushi, daga nan ya zama dutse, sai ka tokare bayanka da kujera ka danna da dukkan tuwon da ka ci. Sitiyari ma haka, nauyinsa kamar kana juya dutsen niƙa. Gwada su duka tun mota na tsaye, don ƙafarka ta san abin da ke jiranta. Fasinjoji da citta su koma ta gaba. Mai jego da jariri ba su da abin yi a motar da birkinta ke hannun Allah da cinyar mutum ɗaya.

Aikinka ɗaya ne a can baya: kada igiya ta saki. Da ka ga ta fara ciki tana shafar ƙasa, taɓa birki kaɗan ta miƙe. Igiyar da ta saki, ko taya ya taka ta, ko ta gaba ta fizge ta ta tsinke, kuma in ta tsinke bulala ce mai fasa gilashi da fuska. Shi ya sa 'yan kallo ma a kore su nesa. A gangara kai ne ke riƙe da motoci biyun, ka fara taka birki kafin na gaba ya taka. Idonka a kan fitilarsa da igiya. Wayarka in ta yi ƙara, ko surukarka ce, ta yi haƙuri, sai dai in na gaban ne kuka bar layi a buɗe kuna magana. In ba sabis, ku shirya tun farko: oda ɗaya a rage, oda biyu a tsaya, in batir ya mutu hannu ta taga.

Kai kuma na gaba, Allah ya saka maka, amma ka tuna ka yi goyo. Tashi a giya ɗaya, a hankali, har ka ji igiya ta ɗauki nauyi. Kada ka wuce kilomita 25 zuwa 30 a awa. Buɗe kwana da faɗi. Rami kuma ka kauce masa tun daga nesa, domin wanda ke bayanka ba ya ganin komai sai bayanka. In ka goce a makare, shi zai gaisa da ramin a madadinka. Shingen jami'an tsaro da na 'yan kiyaye haɗurra, ka fara rage gudu tun kana hango su. Kuma ganyen da kuka jera a kan titi don gargaɗi, ku kwashe shi kafin ku tafi.

In rana ta faɗi, ku bari. Kowa ya san halin da hanyoyin yankin nan suke ciki da dare, kuma motoci biyu da ke rarrafe a ƙulle da juna ba su da gudu ba su da juyawa. Ku tura motar da ta mutu ƙauye mafi kusa, ku gai da mai gari, ku ba shi amana, gobe ma rana ce.

Shi Kawu a ƙarshe an ɗaura a ƙugiya, an kai shi gareji a Kagarko lafiya, bamba na kwance a kujerar baya. Ya zuba wa mai Hilux mai, ya bi shi da addu'a har ya sha kwana. Bakanike ya buɗe gaba, ya taɓa nan, ya sunsuna can, ya zagaya ya ƙwanƙwasa tanki, ya kasa kunne. Sai ya goge hannu da tsumma ya ce, “Baba, yaushe rabonka da gidan mai?”