Makiyayin Ruwan Gishiri

A zuriyarmu, idan aka ce mutum yana kiwo, ana nufin abu mai ƙafa: rago, akuya, ko aƙalla zabbi. Abin da za ka ji kukansa da asuba, ka yanka shi ran suna. Ni ne na farko da ya shafe makonni yana kiwon abin da ko shi kansa bai taɓa gani ba, kuma a Kano, garin da sai ka yi tafiyar kusan kilomita 1,000 kafin ka ji warin teku.

Yara ne suka ja mini. Sun kalli Finding Nemo, fim ɗin nan na 2003, Abba ya kafe sai an sayo masa kifin nan mai ruwan lemo da farin ratsi. Na aika Legas aka ɗoro mini akwatin gilashi mai cin lita 100, da duwatsun murjani, da yashi, da famfo, da buhun gishiri. Da uwargida ta ji kuɗin gishirin, sai ta riƙe haɓa.

"Baban Abba, gishiri fa ka ce? Wanda ke cike da kwano a kicin?"

Na yi mata bayani cewa na kicin bai isa ba. Ruwan teku haɗi ne, akwai kalsiyam da magnisiyam da kabonet a ciki, kuma kowace lita tana son kusan giram 35, wato kilo uku da rabi ke nan ga akwatina. Ruwan ma ba na famfo ba, don kulorin yana kashe bakteriya. Ba na rijiya ba, don abin da ke narke a cikinsa yana haifar da gansakuka. Sai wanda na'ura ta tace tas. Ta ce to, Allah ya sa mu ga alheri, da irin muryar da ake yi wa maras lafiya sannu.

Ta tambayi ina kifin, na ce tukuna. Kifi yana fitar da ammoniya cikin ruwan da yake zaune. A teku wannan ba komai ba ne, amma a akwati kamar a kulle mutum ne a ɗaki ɗaya da masai, ba taga. Maganin abin wasu bakteriya ne da ke zama a jikin dutse da yashi. Rukunin farko, su Nitrosomonas, suna mai da ammoniya naitirait. Na biyu, su Nitrospira, suna mai da naitirait naitiret, wanda illarsa kaɗan ce, kuma ana rage shi da canza kashi 10 cikin 100 na ruwan duk mako. Kafin waɗannan bayin Allah su yawaita, sai an yi mako 4 zuwa 6. Kuma dole a ciyar da su. Saboda haka na samo ɗanyen jatan lande ɗaya, na ƙulle a tsohuwar safa, na rataya cikin ruwan don ya ruɓe.

A wannan hali mahaifiyata Hajiya ta kawo mana ziyara. Ta fito alwala cikin dare, ta tarar da autanta tsugune gaban akwati mai shuɗin haske, da duwatsu a jere, da mushe a safa, ina ɗiga magani cikin 'yar kwalba ina ƙirgawa a hankali, ruwan yana rikiɗa daga rawaya zuwa kore.

"Innalillahi! Auta, wane malamin ne ya ba ka wannan aiki?"

"Hajiya, awo nake yi. Koren nan yana nufin ammoniya ta hau."

"Su wa kake ciyarwa da mushe?"

"Ba a ganinsu, Hajiya. Cikin dutsen suke."

Amsata gaskiya ce tsantsa, amma ba ta taimake ni ba. Washegari da sassafe na iske ta da kasko tana turara falon da habbatus sauda, da ƙyar na rufe akwatin da bargo.

Sai hunturu ya shigo, ruwan ya riƙa raguwa kullum. Uwargida, da zuciya ɗaya, ta riƙa dama gishirina a bokiti tana cikawa idan na fita. Ai ruwa ne kawai ke bin iska, gishiri yana nan daram, don haka tsurar ruwa ake ƙarawa. Ma'aunin gishirin da ya kamata ya tsaya a 1.025 na same shi a 1.030. Da na yi magana ta ce, "Da na ce a sa na kicin ka ce bai isa ba, yanzu na sa naka ka ce ya yi yawa."

Maƙwabcinmu kuwa tausayina ya ji. Ya ɗauka kuɗin kifi ne suka gagare ni, ya aiko yaro da tarwaɗa mai rai, yaron bai yi wata-wata ba ya antaya ta ciki. Kifin ruwan daɗi idan ya faɗa ruwan gishiri, ruwan jikinsa ne ke tsotsewa waje, ƙishirwa ta kama shi yana tsakiyar ruwa. Muka tsamo ta da matsami. Ita ce kifin farko da akwatin ya amfanar da gidan da shi, don da ita aka yi farfesu.

Duk da haka bakteriyata suka jure. Ammoniya ta sauka, kwalbar naitirait ta yi shunayya, sannan ta fara komawa shuɗiya. Duwatsu da yashi suka yi launin ƙasa-ƙasa, wanda masu wannan harka suka san gansakuka ce da ke zuwa a sabon akwati, takan wuce da kanta. Ban gaya wa kowa haka ba, ina can ofis ina taƙama. Na dawo na tarar da duwatsuna a shanye kan tabarma, fari fat, suna ƙamshin sabulu. Jikar Hajiya tana tsaye tana jiran yabo.

"Kawu, har da buroshi na sa!"

Garke guda, miliyoyi, an gama da su tsakanin azahar da la'asar, kuma ba wanda ya zo mini jaje. Sabulu ba ya barin ramukan dutse da sauƙi, sai da na jiƙa na ɗauraye har hannuna ya yi kanta, na sake sabon ruwa da sabuwar safa. Uwargida ta leƙo ta ce ta sha jin mai haƙuri shi kan dafa dutse, amma ba ta taɓa ganin wanda ya ɗora tukunyar sau biyu ba.

Ranar da ammoniya da naitirait suka nuna sifiri, naitiret ya bayyana, na sa aka kawo kifi biyu, kowanne bai kai ɗan yatsa ba. Hajiya ta sa tabarau ta duba, ta tambayi yaushe za su isa ci. Na ce ba a ci, kallo ake yi, sai ta tashi ta ba ni wuri. Don in farfaɗo da darajata a gaban iyali, na ƙara musu ilimi: irin wannan kifi duk a maza suke farawa, wanda ya fi girma da ƙarfi shi ke rikiɗa ya zama mace, kuma ita ke mulkin gidan, namijin yana bin bayanta.

Uwargida ta matso kusa da gilashin, ta daɗe tana kallon babbar tana korar ƙaramin daga bakin dutse.

"Baban Abba," ta ce, "gobe ka ƙaro gishirin nan. Kifayen nan sun san abin da suke yi."