Zuwa ga Rastan gidanmu mai sanƙo

Taubashina, an ce har yanzu kana cika wa 'yan majalisa kunne da cewa duk regen da bai fito daga Jamaika ba jabu ne. Madalla da gwani. To, Steel Pulse da kake kunna mana a mota har lasifika ta shaƙe, 'yan ina ne? 'Yan Handsworth ne, wata unguwa a Birmingham, can tsakiyar Ingila, inda ko teku babu balle ranar shanya. A can suka kafa ƙungiyarsu a 1975. Jagoransu David Hinds, iyayensa ne suka zo daga Jamaika, shi kuwa a Ingila aka yanke masa cibiya.

Irin ra'ayinka ma sun sha shi tun suna samari. Wasu gidajen rawa na 'yan Karibiyan a garinsu sun ƙi ba su fili saboda aƙidarsu ta Rasta, sai suka koma wasa tare da Turawa 'yan kiɗan punk. A Afrilun 1978 suka hau dandamali a Victoria Park da ke Landan, a gangamin yaƙi da wariyar launin fata, tare da The Clash. Sukan rufe kai da fararen huluna masu tsini irin na 'yan Ku Klux Klan, su tsaya gaban jama'a suna yi wa ƙungiyar tsiya, a lokacin da 'yan National Front ke zagaya titunan Ingila suna neman baƙi da fitina. Kai da karen maƙwabta ya yi haushi sau ɗaya ka bar takalminka a zaure, ina za ka iya?

A shekarar ce suka fitar da faifan Handsworth Revolution, kuma Bob Marley da kansa ya ɗauke su suna buɗe masa wasa a Turai. Tsakaninka da Bob Marley, wa ya fi sanin jabu? A 1987 faifansu Babylon the Bandit ya ci Grammy, su ne na farko da ba 'yan Jamaika ba da suka ɗauki kyautar rege. A 1993 sun yi wasa a bikin rantsar da Bill Clinton.

Abin da ya fi burge ni shi ne rigimarsu da 'yan tasi. Direbobin New York sun saba wuce baƙar fata da masu gashin dada a bakin titi, sai 'yan Steel Pulse suka maka hukumar tasin birnin a kotu a 1992. Kai in ɗan sahu ya ƙi tsayawa, sai dai ka dawo gida ka huce a kan tuwo.

Maganar dada kuwa, haƙuri za ka yi. Hinds ya taɓa tara gashi har ya miƙe sama kamar hasumiya, kai hular saƙa mai ja da kore kake dannawa don kada a ga filin da ke ƙasa. Ka cire ta, zafi ake yi. Kuma tun da kana kiran kanka ubangidana, ka aiko min da kuɗin sharata na bara kafin na bana ya riske ka.