Mai Tikiti da Mai Hatimi

Tun zaɓen 2004 ƙananan hukumomin karkara irin Sarkin Yamma, a yankin Madarumfa, suka samu magajin gari. A 2024 sojoji suka rushe majalisun ƙananan hukumomin, suka naɗa wakilai a madadinsu. Shugabanni suna canzawa, halin ma'aikata yana nan.

Dubi mai yankan tikitin kasuwa. Ba a taɓa yi masa wa'azin zuwa aiki ba. Kafin mai ƙosai ta hura wuta ya iso, domin yana da kasonsa cikin kowace dala.

Mai buga hatimin takardar haihuwa kuwa, albashinsa sai an tara haraji. In damina ta sauka, nemi shi a gonar gero. A ofis za a ce maka, "Malam, yanzu ya fita," alhali gizo-gizo ya gama saƙa a kujerarsa.