Masu Rubuta Lissafin Gini: Kowa da Alƙalaminsa

Kafin a ɗora bulo ɗaya a fili mai ƙafa 50 da 100, akwai abubuwan da ya kamata su shiga rubutu: bulo mai inci 9 ne ko mai inci 6, rodi mai milimita 12 ko 16, kwaɓin kankare kuma siminti 1, yashi 2, tsakuwa 4. Rigimar tana farawa ne daga abin da za a rubuta su da shi.

Tsohon birkila ba ruwansa da takarda. Gawayi ne alƙalaminsa, bangon da yake ginawa shi ne littafinsa. Nan yake jera buhunan siminti da kuɗin leburori, layi-layi, ba ya kuskuren ko sisi. Ranar da aka yi shafe kuwa, lissafin wata uku ya shige ƙarƙashin fulasta. In maigida ya tambayi inda buhu 20 suka shiga, sai ya dafa bango ya ce, "Alhaji, ga su nan." Kuma bai yi ƙarya ba.

Ɗan kwangila mai WhatsApp saƙon murya yake turowa, na minti tara, rabinsa gaisuwa, sauran kuma ƙarar babura a Kasuwar Ƙofar Ruwa. A tsakiya wani wuri ya ambaci bandir nawa na kwano za a saya. Bai faɗi kaurin kwanon ba, kuma da gangan ne.

Sai sabon injiniya mai Excel. Jadawalinsa abin sha'awa ne, har ƙusa da wayar ɗaurin rodi sun samu layinsu, jimilla tana haɗa kanta. Matsalarsa ɗaya: farashin siminti ba ya jiran kwamfuta. Kafin ya buga takardar, buhu mai kilo 50 ya ƙara kuɗi, maigida ya fara yi masa kallon ɓarawo. Ɗan uwansa mai AutoCAD ya fi shi fankama; shago biyu da banɗaki aka ce ya zana, ya kawo shafi goma sha biyu. Hukumar KNUPDA dai tana buƙatar zane kafin ta ba da izinin gini a Kano, to amma a wurin aiki an ga birkila ya naɗe zanen yana fifita da shi.

Na ƙarshe shi ne maigida da kansa, mai tsinke. Ya tsuguna ya zana ɗakuna a ƙasa, ya ce, "A yi min irin na maƙwabcina, amma ya ɗan fi." Bayan an kai linta, uwargida ta zo gani, ta ce kicin ya yi kaɗan. Aka kira mai guduma, birkila kuma ya ɗauko gawayinsa ya nemi wani bangon.