Bayani Gamsasshe Kan Tsirkiyar da Ba a Taɓa Gani Ba

Ka sani, ya kai mai neman ilmi, cewa duk abin da idonka ke gani, daga tauraro har tuwon da ka ci jiya da dare, asalinsa tsirkiya ce. A kan haka wani rukuni na malaman fiziks suka tafi, kuma ba da wasa suka faɗa ba.

Ga hujjarsu. A fasa abu, a sami ƙwayar zarra. A fasa ta, a tarar da elektron da kwak. Magabata sun ɗauka waɗannan ɗigo ne marasa tsawo. Malaman tsirkiya suka ce a'a, kowannensu ɗan zare ne mai karkarwa. Kamar yadda tsirkiyar goge guda ke fitar da amo iri-iri gwargwadon inda aka ɗora yatsa, haka wannan zare: ya kaɗa ta nan ya zama elektron, ya kaɗa ta can ya zama haske.

Asalin maganar a 1968 ne, lokacin da Gabriele Veneziano, mutumin Italiya, ya rubuta wani lissafi a cibiyar CERN don bayanin ƙarfin da ke ɗaure cibiyar zarra. Lissafi ya yi kyau, illa dai ba wanda ya san siffar me yake yi, har shi mai lissafin. Sai wajen 1970 Nambu da Nielsen da Susskind suka gano ashe zare ne. Ba a jima ba wani nazarin ya ƙwace masa aikin, aka bar zare ba sana'a, ga kuma wata ƙwaya marar nauyi da ta maƙale cikin lissafin, an kore ta ta ƙi tafiya. A 1974 Scherk da Schwarz suka dube ta da kyau, suka ce ai wannan ita ce mai ɗauke da ƙarfin da ke jawo mangwaro ƙasa idan ya faɗo. Allura ta tono garma ke nan.

Sai dai tsirkiya tana da sharaɗi. Mu fuska huɗu muka sani: tsawo, faɗi, zurfi, da lokaci. Ita kuwa da farko 26 ta nema. Aka yi ta ciniki, aka sallama a 10. Idan ɗalibi ya tambaya ina sauran shidan suke, sai a amsa masa cewa an naɗe su kamar tabarma, naɗi mai tsananin ƙanƙanta, shi ya sa bai taɓa tuntuɓe da su ba. Idan ya ce a nuna masa zaren kansa, a ce masa ya rubuta 1, ya jera sifiri 35 a bayansa, ya raba mita gida-gida har wannan adadi. Kashi ɗaya, shi ne kimanin tsawonsa. Galibi ɗalibi ba ya sake tambaya.

Malamai sun yi saɓani har suka rabu gida biyar, kowane gida na cewa nasa ne bayanin kome da kome. A 1995 Edward Witten ya yi musu sulhu, ya ce duk abu ɗaya suke kallo ta tagogi dabam-dabam. Ladan sulhun, ya ƙara fuska guda suka zama 11, ya sa wa abin suna M. Ma'anar M kuwa, ya bar wa kowa ya zaɓa.

Naɗin tabarmar nan ma ba iri ɗaya ba ne. An ƙiyasta hanyoyinsa sun kai 1 mai sifiri 500, kowace hanya da irin duniyar da take haifarwa. Tamu tana ciki, in sha Allahu. Ni a ganina nan ne martabar nazarin take, domin da wuya a ƙaryata malamin da ya tanadi amsa mai yawan haka.

An dai gwada leƙawa. Akwai rami mai zagayen kilomita 27 a ƙarƙashin iyakar Faransa da Suwizalan, inda ake gwara ƙwayoyi da juna. A 2012 aka samo ƙwayar Higgs a can, amma tagwayen ƙwayoyin da masu tsirkiya da yawa suka sa rai, ko ƙeyarsu ba a hango ba. Aka bayyana cewa sun fi ƙarfin ramin nauyi. Yanzu ana shawarar haƙa wani mai kimanin kilomita 90. Ramin da zai iya nuna zaren kansa kuwa, masu lissafi sun ce faɗinsa sai ya yi kusa da na gungun taurarin da ranarmu ke ciki. Har yanzu ba a sami filin ba.