Wasiƙa Zuwa Ga Na'urar Awon Jini

Daga hannun wani tsohon malamin makaranta, mazaunin Tudun Wada a Gusau, zuwa ga na'urar awon hawan jini da ke zaune bisa akwatin uwargida. Gaisuwa mai yawa da girmamawa, irin wadda ta dace da baƙon da ya shigo da sallama, aka wayi gari shi ke da gida. Amma ba'adu:

Ranki ya daɗe, yau wata bakwai ke nan tun da babban ɗana ya aiko ki daga Kano cikin kwali, tare da batura huɗu da wata takarda mai ƙananan rubutu wadda ko da tabarau ban ci nasarar karanta ta ba, kuma tun daga wannan rana, ni da na shekara talatin da biyar gaban allo ina ba yara maki, na koma almajirin da ake ɗora wa jarrabawa safe da maraice ba tare da an faɗa masa darasin da zai haddace ba. A karon farko kin naɗe mini damtse, kika yi gurnani, kika matse ni matsar mai bin bashi da ya yi kiciɓis da wanda ya daɗe yana masa ɓuya, sa'an nan kika saki numfashi, kika rubuta 168 bisa 98 a gaban iyalina duka, har da jikoki. Ko ɗan kara ba ki yi mini ba, alhali a garin nan ko mai zuwa faɗin rasuwa yakan fara da tambayar gajiya.

Da abin ya dame ni sai na shiga binciken nasabarki, domin mai hankali ba ya karɓar shaidar wanda bai san asalinsa ba. Na tarar kakanki ɗamarar hannu ce da wani likitan Italiya, Riva-Rocci, ya ƙago a 1896, sa'an nan a 1905 wani likitan soja na Rasha, Korotkof, ya gano cewa in aka kasa kunne ga jijiya yayin da ake sassauta ɗamarar, akan ji bugun da ke nuna adadi biyu: na sama, ƙarfin jini sa'ad da zuciya ta matsa, na ƙasa kuwa sa'ad da ta huta tsakanin bugu da bugu. Ke kin yar da zaibar da kakanki ke awo da ita, kin yar da kunnen likita, kina jin motsin jijiya da kanki kina lissafi. Ibn Sina, Allah ya jiƙansa, da yatsunsa yake jin bugun jijiya, kuma ina kyautata zaton yakan gaisa da majinyaci tukuna.

Sai dai adalci ya wajaba, ko a kan abokin husuma. Wata 'yar ƙanena da ke karatu a kwalejin kiwon lafiya ta Tsafe ta zo hutu, ta same ni ina awo a tsaye a zaure, goro a baki, rediyo a kunne ana labarin hanyar Funtuwa, ina kuma yi wa mai gyaran famfo faɗa. Ta ce, "Baba, wannan awon ai bai inganta ba." Ashe kina da sharuɗɗa da masu warwarewa, har sun so su kai na alwala a cikin Ahalari. Wajibi ne mutum ya kewaya tukuna, ya zauna minti biyar shiru, baya a jingine, tafin ƙafa biyu a ƙasa ba a harɗe ba, hannu a ɗore daidai da zuciya, ɗamara bisa fata ba bisa hannun riga ba. Kada ya sha shayi ko taba, kada ya ci goro, rabin sa'a kafin nan. Kada ya yi magana har ki gama. Ya auna sau biyu da tazarar minti ɗaya, ya rubuta a littafi. Sharaɗin shirun nan shi ya fi yi mini nauyi, kuma na lura tun da uwargida ta ji shi take ɗauko ki duk lokacin da na fara bayani a kan tsadar masara.

Da na cika sharuɗɗan sai adadin ya sauko, amma bai sauko inda nake so ba. An ce awon gida in ya dawwama a 135 bisa 85 ko sama, to, magana ta tabbata, nawa kuwa ya kafe a wajen 150 bisa 92 kamar Dutsen Kwatarkwashi. Nan fa aka kafa mini dokar ta-ɓaci. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ban taɓa yi wa laifi ba, ta ce kada gishirin yini ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi guda, kuma uwargida ta riƙe wannan fatawa riƙon da ban ga ta yi wa wata ba. An rage dunƙule a miya, an hana ni barbaɗa yaji, kilishi ya zama abin da nake ji a tarihi. Miyar kukar da nake sha yanzu, wallahi, sai mai imani.

Duk da haka akwai ranar da na ji kunyar ƙorafina. Surukina ya zo daga Bungudu bayan girbi, ƙato ne, mai ɗaukar buhu shi kaɗai, ya ce a ɗaura masa ke don nishaɗi, shi da ko ciwon kai bai sani ba. Kika nuna 186 bisa 112. Muka ce ɗamarar ce ta yi masa kaɗan, don an ce ƙaramar ɗamara a babban damtse takan ƙara adadi. Muka ce tunanin gona ne, da na hanya, wanda babu ɗan Zamfara da zai musa. Amma washegari muka raka shi Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke nan Gusau, likita ya auna da ɗamara daidai shi, ya tabbatar da shaidarki, ya ɗora shi kan magani, ya kuma gargaɗe shi kada ya daina don ya ji garau. Mahaifinsa shanyewar ɓarin jiki ce ajalinsa, kuma a lokacin iska aka ɗora wa laifi.

Saboda haka na yarda ke shaida ce adila, amma ina tunatar da ke, da uwargida ta bayanki, cewa shaida ba alƙali ba ce. Hukunci da ƙari ko ragin ƙwaya na likita ne, kuma ranar Alhamis zan kai masa littafin da na cika da lambobinki. Na sayo miki sababbin batura. Roƙona guda ne: Babbar Salla ta ƙarato, na kuwa ɗaure rago mai kitse a bayan gida. Washegarin layya, in kin ga abin da kika gani, don Allah ki nuna mini ni kaɗai.

Haza wassalam.